Aska a Hannun Hagu

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Rubutun nan kamar kaza ta bi ta kan takarda, na sani. Da hagu nake yi. Auta ce ta kawo mini littafin, 'yata ta ƙarshe mai koyon aikin jinya, wadda tun da ta fara sa farar riga ta mai da kowa a gidan nan majinyacinta. Ta ce rubutu zai koya wa hannun aiki mai laushi. Takardar sai gudu take mini, don haka na ɗora kofin shayi a gefe ya danne ta.

Ga abin da nake so, a fili: kafin watan nan da za mu shiga ya ƙare zan koma kujerata ta bakin taga, in yi wa mutum aski da gyaran fuska da hannun hagu. Ban ce ina so in samu sauƙi ba. Duk wanda ya zo dubiya abin da yake roƙa mini ke nan, ina kuma amsawa da amin, amma samun sauƙi ba shi da ranar da za a ce ga ta. Ni ina son abin da za a duba a ce an yi ko ba a yi ba.

Shagon aski namu ne ni da ƙanena, sama da shekara ashirin. Tun ranar nan da aka ɗauko ni daga ƙasan shagon, ya sa wani dogon mutum a kujerata na wucin gadi. Jiya ya zo ya zauna yana ta juya makullin babur, da ƙyar maganar ta fito. Wai Dogo ya samu tayi a wani shago, yana son amsa ƙarshen watan da za mu shiga: ko a bar masa kujerar, ko ya kama gabansa. Shi kuwa ƙanena ba zai iya riƙe shagon shi kaɗai ba.

"Yaya, wallahi ba korarka nake yi ba."

Na ce na sani, ya ba ni zuwa ƙarshen watan. Ya kalli aljihun rigata na dama, inda wancan hannun da ya shanye yake zaune, ya kau da kai.

Talata, da hantsi

Daga ƙarshe na fara tsarin, na dawo baya. Haka nake aski ma, sai na ga kan a gama a idona kafin in kunna inji.

Ƙarshen shi ne haɓar Baba Mai Agogo. Tsoho ne mai gyaran agogo a layinmu, duk Alhamis yake zuwa tun ranar da muka buɗe, kuma an ce tun da na kwanta ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa fuska. In na aske shi lafiya, magana ta ƙare. Kafin shi, fuskar ƙanena. Kafin ƙanena, balan-balan da kumfa, yadda aka koya mana muna sababbi: ka shafe shi da kumfa, ka kwashe ta da aska bai fashe ba. Kafin balan-balan, injin aski. Kowanne na ba shi kwanakinsa, kuma ba na taɓa na gaba sai na baya ya zauna.

Na faɗa wa Maman yara duka, don ita ba ta iya lallashi ba, kuma irin mutumin da nake bukata ke nan. Ta ce, to, bayan shayin safe kullum, kafin masu dubiya su fara sallama. In na yi nawa za ta ɗauke burodin.

Laraba, da safe

Na aske tsohon bargon nan mai gashi da inji. Layin farko ya tafi kamar hanyar maciji, na uku ya miƙe. Maman yara ta ce bargon ya fi ni kyau yanzu.

Alhamis, bayan azahar

Yau ce ranar komawa asibiti wajen matar nan mai motsa gaɓoɓi. Ban je ba. Auta ta yi ta faɗa har da su hawaye, na ce mata ba ya cikin tsarina. Mutum ya kama abu ɗaya ya yi shi sosai. Ina da hannu mai aiki, a kansa zan zuba ƙarfina. Wancan yana aljihu, bai dami kowa ba.

Asabar, ƙarfe takwas

Inji ya zauna. Na yi wa maƙwabcinmu mai facin taya aski a tsakar gida, ya duba madubi gaba da baya, ya ce ko da can ma iyakar abin da nake yi ke nan. Daga bakinsa wannan yabo ne.

Abu biyu na gano. Na farko, in na jera kayan aiki tun yamma a kan tebur, da safe ba na tsayawa shawara da zuciyata, sai dai in ga na fara. Na biyu, in daina tun hannun bai gaji ba. Ranar da na matsa masa, washegari cokali ma ƙi ya yi.

Lahadi, da yamma

Balan-balan. Auta ta hura, ta ɗaure a bayan kujera, har da zana masa ido da baki. Na shafa kumfa, na ɗora aska. Fau. Kumfa har a kan labule.

Shida muka fasa. Maman yara ta leƙo ta ce ko an fara yaƙi ne a kira maƙwabta.

Litinin

Fau. Fau. Fau.

Talata, da safe

Na rage aikin. Maimakon fuskar balan-balan duka, tafin hannu ɗaya kawai na shafa wa kumfa. In abu ya gagare ni sau uku a jere, ba na zagin kaina, raba shi nake biyu. Ashe wuyan hannuna nake karyawa da yawa, bakin askar yana tsayawa a tsaye. Na kwantar da ita. Ta tafi sumul.

Na daina ƙirga wanda ya fashe. Abin da nake dubawa kawai shi ne, na zauna yau na yi ko ban yi ba. Wannan yana hannuna, fashewar ba ta hannuna.

Alhamis, da hantsi

Ranar Baba Mai Agogo ce. Na tuna da shi ina shan shayi.

Auta ta sake maganar asibiti. Na ce ta kawo balan-balan.

Juma'a, bayan la'asar

Balan-balan uku a jere, tas, ko ɗigon kumfa ban bari ba. Na ɗaga na ƙarshe na zagaya da shi ɗaki ɗaki. Maman yara ta ce madalla, sai a buɗe shagon askin balan-balan, tunda su ba sa ƙorafi. Ta yi ta tsokana, amma na ga ta shiga kicin tana goge ido da gefen zane. Na yi kamar ban gani ba.

Ina jin daɗi yau. Na daɗe ban ji irinsa ba, bari in rubuta shi a fili.

Lahadi, ƙarfe tara

Ƙanena ya zo da fuskarsa kamar yadda muka yi. Ya zauna a kujerar roba, ya rufe ido, bakinsa yana motsi, na tabbata addu'a yake. Na ce in yana da wasiyya ya faɗa tun yanzu.

Na gama shi lafiya lau. Ƙanena mutum ne mai kumatu, fuskarsa cike take tam, askar sai sulalewa take yi. Ya shafa haɓa, ya shafa wuya, sai ya ce ruwan ya yi sanyi. Da zai tafi ya ce Dogo mutumin kirki ne, yana da iyali, kuma bai taɓa zama a kan kujerata don hutawa ba, a benci yake zama. Ban tambaye shi wannan ba. Amma na ji shi.

Na riga jadawalina da kwanaki. Na aika wa Baba Mai Agogo ya zo gida ranar Alhamis, ba sai mun jira ƙarshen wata ba.

Laraba, da yamma

Na jera kaya. Sabuwar reza, tawul fari, burushin da yake so. Gobe.

Alhamis

Ba zan rubuta komai yau ba.

Juma'a

Maman yara ta jiƙa tawul ɗin tun jiya. Jinin bai fita duka ba.

Asabar

Ban taɓa kayan ba.

Lahadi, da azahar

An ɗauke burodin. Ta cika alkawarinta, ko da yake ta dawo da shi da kanta daga baya, ta ajiye ba ta ce komai ba. Wannan ya fi mini zafi a kan faɗa.

Dokata ita ce ba a tsallake kwana biyu a jere. Na tsallake uku. Ni na kafa dokar, ni na karya.

Auta ta ce ba ɗinki aka yi wa Baba Mai Agogo ba, filasta ce kawai. Ta ce kowane mai aski ya taɓa yankar wani. Ni ban taɓa yi masa ba, shi ne maganar. Tsoho ya tara gemu wata da watanni saboda ni, ya zo da ƙafarsa, ya miƙa mini wuya. Kunya nake ji, da tsoro kuma. Ƙanena ya kira sau biyu ban ɗauka ba.

Litinin, da hantsi

Sallama na ji, kafin in ce a ce ba na nan har ya shigo. Baba Mai Agogo, da filasta a ƙasan muƙamuƙi, rabin fuska a aske, rabi gemu fari. Haka yake yawo a layi tun Alhamis. Wai jikokinsa sun ce ya zama mutum biyu.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya ce kwana huɗu yana tunanin abin da ya bambanta, kamar yadda yake yi in agogo ya tsaya, sai ya gano ɗan abin da ya ɓace. Askar ba ta yi rawa ba, a cewarsa, hannun ya ƙware.

"Amma shekara ashirin, kafin in ji ƙarfe, yatsa nake fara ji. Nan." Ya dafa ƙasan kunnensa ya ja fatar sama. "Ranar nan ban ji yatsa ba. Ƙarfe kawai na ji."

Ni da na koya wa mutane aikin nan! Aska ba ta tafiya a kan fata mai tattara, sai ɗayan hannun ya miƙe ta. Da can dama ke riƙe aska, hagu ke jan fata, kuma hagun ya daɗe yana yi har na daina ganin aiki ne. Da na ba shi aska, na bar gurbinsa babu kowa. Balan-balan a miƙe yake da kansa. Kumatun ƙanena ma haka. Duk gwajin da na yi, a kan abin da ba ya bukatar ja na yi shi, na kuma dinga yabon kaina. Fuskar tsoho ce ta fara tambayar ɗayan hannun.

Ya kalli aljihuna. Shi bai kau da kai ba.

"Fito da shi mu gaisa mana."

Ban fito da shi ba. Ya ce to, shi dai ba zai ƙarasa rabin nan a hannun kowa ba, ko da zai shekara a haka. Ya sha shayinsa ya tafi.

Litinin, bayan la'asar

Maman yara ta ce ita za ta iya tsayawa a gefe tana ja mini fatar. Na ce a shagon aski, mace tsaye tana jan kumatun maza? Ta ce ai kuwa da layi ya kai titi. Muka yi dariya. Sannan ta ce, ban da wasa, tun ranar nan ko ita ba na bari ta ga hannun sai in ina barci.

Na fito da shi na ɗora a kan tebur. Hannuna na dama. Ya rame, yatsun sun lanƙwashe ciki. Na daɗe ina kallonsa. Na ce wa babban yatsan ya motsa. Ya motsa kaɗan, kamar mai jin nauyin a gan shi.

Kaɗan ɗin nan nake bukata.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na je asibiti, Auta a gaba kamar ta kamo ɓarawo. Na ce wa matar mai motsa gaɓoɓi ban zo neman hannu duka ba, kada ta fara mini lissafin watanni. Yatsa ɗaya nake so, ya danna, ya ja sama, ya tsaya muddin numfashi biyu. Ta ce a kawo mata marasa lafiya irina goma, masu zuwa da abin da suke so a bakinsu. Sannan ta wanke ni tas a kan makonnin da na ɓata, ta ce da na zo tun farko da yanzu wani zancen ake. Na haɗiye, don gaskiya ta faɗa. Ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Ta ba ni aiki: in dinga danna soso a kan tebur, in dinga tura tawul da yatsan, safe da yamma.

Ranar da na sa ba ta canja ba, kujerar ma ba ta canja ba. Hanyar ce na gyara.

Laraba, da safe

Na sa Auta ta sassauta balan-balan, ta fitar da rabin iskar har ya yi tattara irin ta tsofaffi. Yanzu in yatsan bai ja ba, askar ba ta tafiya. Gwajin da ya kamata in yi tun farko ke nan, wanda zai iya kayar da ni.

Ya kayar da ni.

Alhamis

Soso. Tawul. Balan-balan. Yatsan yana zamewa a kan kumfa.

Juma'a, da yamma

Na gano dabara. In na goge wurin da yatsan zai sauka ya bushe, ba ya zamewa. In na jingina gwiwar hannun a jikina, nauyin kafaɗa yana taya shi dannawa. Ba kyan gani, sai na karkace kamar mai ciwon haƙarƙari. Amma ya riƙe numfashi ɗaya, wani lokacin biyu.

Na kira ƙanena. Na faɗa masa gaskiya: zuwa azahar hannun yana mutuwa murus, wuni guda ba zai yiwu ba yanzu. Na ce ya tambayi Dogo ko zai yarda mu raba, safiya tawa, yamma tasa, da sharaɗin in na ci jarrabawar Baba. In na faɗi, ya ɗauki kujerar duka, ba zan riƙe kowa a zuciya ba. Wannan na ƙarshen ƙarya ce kaɗan, amma zan koya.

Lahadi

Na fita siyan reza hannun a waje. Mai kanti ya kalla sau ɗaya, ya ba ni canjina. Shi ke nan. Abin da na yi ta ɓoyewa ke nan.

Laraba, bayan la'asar

Dogo ya yarda. Na jera kaya a jaka. Ban ce komai a kan gobe ba, na koyi darasi.

Alhamis, bayan azahar

Kujerar tana nan a bakin taga, har tsagewar ledar hannunta. Dogo ya tashi ya gaishe ni da hannu biyu, ya koma benci. Mutane sun fi na kullum yawa, kowa wai aski ya zo, amma ba wanda ke gaggawa. Ƙanena yana ta share wurin da ya riga ya share.

Baba Mai Agogo ya zauna da rabin gemunsa. Na rage shi da inji, na sa tawul mai ɗumi, na shafa kumfa, na goge ɗan wuri a ƙasan kunne. Sannan na ɗago hannun dama a gaban kowa. Yana rawa, kowa ya gani. Na jingina gwiwa, na karkace, na ɗora yatsan. Ya danna. Ya ja. Askar ta bi bayansa.

Na ɗauki lokacin da da can zan gama mutum uku. Zufa har cikin idona. A ƙasan muƙamuƙi, daidai gefen tabon, yatsan ya saki. Na ɗauke askar nan take, na tsaya, na yi numfashi. Na goge wurin, na sake ɗorawa, ya riƙe. Muka wuce.

Da na cire tawul ɗin fari yake. Na duba shi gaba da baya, ban damu da wa ke kallona ba.

Baba bai kalli madubi ba. Ya shafa ƙasan kunnensa, ya ce, "Na ji shi. Yana kyarma, amma shi ya fara zuwa."

Ƙanena ya fita waje wai zai duba babur, ya daɗe bai dawo ba. Dogo ya ce safiya tawa ce, amma don Allah in daina barin gashi a cikin inji, an ba shi labarina. Na ce sai ya yi shekara ashirin a wurin kafin ya gyara mini aiki.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na safe

Zan fita shago. Abu na gaba shi ne almakashi da mataji, wanda ke son yatsu biyu, kuma ban sa masa rana ba sai na ji ta bakin matar asibiti.

Maman yara ta zo ɗaukar kofi don ta wanke, ta tsaya tana nemansa a kan littafin. Na ce yana can kan tire. Ta duba gefen takardar, ta ga hannun dama ne ya danne ta, ta ɗora hannunta a kansa.